Fai Na Kirsimati: Yadda Mutanen Ingila Ke Yinsa, Da Abin Da Ke Cikinsa

In watan Disamba ya kama, gidaje da yawa a Ingila in an shiga za a ji ƙanshin wani abinci da su ke kira fai. Shi fai ƙullun fulawa ne da a ke murzawa da mai, a shimfiɗa shi a ƙaramar tasa, a zuba wani abu a ciki, a rufe da wani ƙullun, sa'an nan a gasa a tanderu. Akwai na zaƙi, akwai na gishiri. Da ya ke a rufe ya ke zuwa gaban mai ci, ido ba ya gaya wa mutum abin da ke ciki. Saboda haka akawu ko malamin makaranta da aka gayyata shan shayi a gidan abokin aiki lokacin Kirsimati, ko wanda karatu ya kai shi Landan cikin hunturu, ya kamata ya san asalin abin nan tun kafin a miƙo masa faranti.

Wanda ya fi shahara shi ne ɗan ƙaramin nan da su ke kira mins fai, wanda bai wuce loma biyu ko uku ba. Ma'anar sunan ita ce fai na yankakken nama, amma yau in ka fasa shi ba za ka ga nama ko tsoka ɗaya ba. Da can kuwa akwai. Wani littafin koyar da aikin gida da Gervase Markham ya wallafa a 1615 ya ce a samo cinyar tunkiya a ɗan tafasa, a yanka ƙanana tare da kitse laba uku, a zuba gishiri da masoro da kanumfari, sa'an nan a haɗa da zabibi da dabino da ɓawon lemo. A wancan zamani haɗa nama da zaƙi ba abin mamaki ba ne wurin Turawa, kuma kayan ƙanshin nan daga gabas a ke kawo su da tsada, don haka mai gida ya kan tara su ne saboda babban biki, ya nuna wadatarsa. Da sukari ya yi araha sai zaƙin ya yi ta ƙaruwa, naman yana raguwa. Littafin Uwargida Beeton na 1861 ya kawo haɗi iri biyu, ɗaya da naman sa, ɗaya babu. Kafin ƙarni na 20 ya yi nisa naman ya fita gaba ɗaya, aka bar suna kawai.

Har gardamar addini ta taɓa faɗa wa abincin nan. A 1647 Majalisar Dokokin Ingila, wadda masu tsananin ra'ayi suka rinjaya, ta hana bikin Kirsimati, waɗansunsu kuwa suna ganin cin fai ɗin alama ce ta bidi'a. Dokar ta faɗi da aka maido da sarauta a 1660. Maganar da a kan ji cewa har yanzu laifi ne a ci shi ranar Kirsimati a Ingila, labarin shan iska ne.

To, ga yadda a ke haɗa na yanzu. A kan sami zabibi iri biyu ko uku, da tuffa yankakkiya, da ɓawon lemo da aka dafa cikin sukari, da jan sukari, da kirfa, da kanumfari, da gyaɗar ƙanshi. A kan zuba kitsen da ke lulluɓe da ƙodar saniya, wanda aka daddatsa ƙanana, domin shi ne ke narkewa ya hana haɗin bushewa. Daga nan sai a zuba barasa irin wadda su ke kira barandi, a cuɗa, a rufe a kwalba har mako biyu ko fiye, don kayan su sha juna. Matan gida da yawa tun ƙarshen Nuwamba su ke yin wannan aiki.

Wannan barasa ita ce abu na farko da Musulmi zai tambaya. Waɗansu su kan ce wuta na ƙone ta, amma gashin minti 20 ba ya kore ta duka. Abu na biyu shi ne man da aka murza ƙullun da shi, gama tsohuwar hanyar Ingilishi ita ce a raba mai biyu, rabi bota, rabi man alade, wai don ƙullun ya fi rugurgujewa a baki. Na uku shi ne kitsen saniyar nan da ba a san wanda ya yanka ta ba. Na kanti da sauƙi, domin doka ta tilasta a rubuta kayan haɗi a jikin kwali, kuma da yawansu yanzu da man tsirrai a ke yi. Na gida kuwa sai an tambayi wadda ta yi, kuma tambayar ba abin kunya ba ce. Wanda zai yi nasa sai ya sa ruwan lemo maimakon barasa, da bota zalla, amma ya sani irin wannan haɗi ba ya jure ajiya mai tsawo.

Shi ƙullun awonsa ba wuya: mai ya zama rabin nauyin fulawa, watau oza 8 na fulawa da oza 4 na mai, da ɗan gishiri, da ruwan sanyi cokali biyu ko uku. Asirinsa sanyi ne. In man ya narke a hannu kafin ya shiga tanderu, ƙullun zai fito da tauri kamar ƙirgi. Don haka da kan yatsu a ke murzawa, ba da tafi ba, kuma ba a cuɗa shi kamar na burodi. A nan ƙasarmu ta Arewa ta yi dace, gama Kirsimati na zuwa ne cikin hunturu. Daga gadon girkin Turawa ne mit-fai ɗinmu na nama da dankali da karas ya samo asali, ko da ya ke mu mun ƙara masa barkono.

Na gishiri kuwa shi ne ya fi girma da ban sha'awa. Ƙullunsa daban ne: a narka mai cikin tafasasshen ruwa, a zuba a fulawa, a gina shi da hannu tun yana da ɗumi kamar yadda a ke ginin tukunya. In ya huce sai ya tsaya da kansa ba tare da tasa ba. Turawan da can akwatin gawa su ke kiran wannan ɓawo, kuma sau da yawa aikinsa ajiye nama ne kurum, ba lalle a ci shi ba. Hannah Glasse, a littafinta na 1747, ta bayyana wani na yankin Yokshaya wanda a ke cire ƙasusuwan talo-talo da dinya da kaza da makwarwa da tantabara, a cusa ƙarama cikin babba, a rufe da ɓawo mai kauri tare da bota laba 4, a sa a akwati a aika Landan kyauta. Yau wanda ya fi yawa a teburin Ingilishi washegarin Kirsimati shi ne na naman alade, irin na garin Melton Mowbray. Wannan babu tambaya a kansa, sai dai a ɗaga hannu.

Adon da a ke yi wa fai rabinsa aiki ne. Ƙofar da a ke hudawa a tsakiyar murfi don tururi ya fita ne, in babu ita murfin ya jiƙe ko ya fashe. Zanen da a ke dannawa a gefe da cokali mai yatsu shi ne ke liƙe sama da ƙasa kada romo ya tsiyaye. Ƙwan da a ke kaɗawa a shafa a kai shi ke ba da launin ja mai sheƙi. Tsofaffin kukun Ingila suna da wata al'ada mai amfani: na gishiri a yanka ragowar ƙullu siffar ganye a jera masa, a shafa ƙwai, na zaƙi kuwa a bar shi fili a barbaɗa sukari, ta haka mai ɗaukowa daga ɗakin ajiya ya san wanda ya ɗauka. Masu gashi na yanzu ba duka ke bin wannan ba, don haka kada mai karatu ya dogara da ganye. Ƙananan mins fai sau da yawa tauraro a ke yanka musu a matsayin murfi, don tunawa da tauraron da Kiristoci suka ce ya bayyana lokacin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ƙananan nan a kan gasa su a tanderu mai zafin digiri 200 wajen minti 20, a bar su su ɗan huce a tasa kafin a cire, domin zabibi da sukari suna riƙe zafi fiye da yadda ɓawon ke nunawa.