Awon Baƙin Mai: Yadda Ake Gane Ciwon Inji Tun Bai Kwanta Ba

Gabi, da ke cikin gundumar Madarunfa a jihar Maradi, ƙasa ce ta noma da kiwo, kusa da iyakar Nijeriya. Galibin hanyoyin da suka haɗa ƙauyukanta na rairayi ne da burji. A kansu ne motoci ke kai hatsi da kayan lambu kasuwa, a kansu ne kuma ake ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. In injin mota ɗaya ya mutu, asarar takan wuce gidan mai ita: kayan manomi su lalace a bakin hanya, majinyaci ya rasa abin hawa.

Inji kuwa ba ya mutuwa rana ɗaya. Yakan yi watanni yana cin kansa a hankali, kuma shaidar wannan ciwo tana cikin baƙin man da ake zubarwa ranar juye, watau luwul. Kamar yadda likita ke awon jini ya gane cutar da ke jikin mutum, haka ma'aikatan ɗakin awo ke auna tsohon mai su gane halin da inji ke ciki ba tare da an kwance shi ba.

Wannan dabara ta samo asali a Amurka cikin shekarun 1940, inda kamfanonin jirgin ƙasa suka soma auna man injinansu na gazuwal domin gano lalacewa da wuri. Cikin shekarun 1950 sojojin ruwan ƙasar suka ɗauke ta domin jiragensu na sama. Daga nan ta bazu zuwa kamfanonin haƙar ma'adinai da masu gina hanyoyi da masu manyan motoci a duniya.

Yadda ake ɗibar man

Ɗakin awo irin wannan sai a manyan birane, amma abin da ake aikawa bai taka kara ya karya ba: kimanin mililita 100 cikin kwalba sabuwa mai murfi. Ana ɗiba ne inji yana da ɗumi, bayan mota ta yi tafiya. A bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya, domin na farko yana tafe da dattin da ya kwanta a gindin inji. A jikin kwalba a rubuta irin motar, da irin man, da kilomita nawa motar ta yi, da kilomita nawa aka yi da wannan man. In babu wannan bayani, lambobin da za su dawo ba su da amfani.

Ƙarafan da inji ke zubarwa

Takardar sakamako takan zo da haruffa da lambobi. Lambobin ƙarafa ana ba da su da ma'aunin ppm, watau miligiram nawa ne cikin kilo ɗaya na mai. Kowane ƙarfe yana nuna sashen injin da ya fito.

Fe baƙin ƙarfe ne, yana fitowa daga bangon silinda da ringi da sandunan da ke juyawa cikin inji. Cr, watau kurom, galibi daga ringi yake. Al sanholo ne, daga fistan. Cu da Pb da Sn, watau jan ƙarfe da dalma da kuza, daga kusine suke, waɗannan faifan da babban sandan inji ke juyawa a kansu. A da, dalma takan shiga mai daga fetur, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma daga farkon 2006, duniya duka kuwa ta rabu da shi a 2021. Saboda haka in dalma ta hau a takarda yau, kusine ne abin tuhuma na farko.

Akwai wasu haruffa da kan tsorata wanda bai saba ba: Ca da Mg da Zn da P. Lambobinsu sukan kai ɗaruruwa, har fiye da 1,000. Waɗannan magunguna ne da masana'anta ke zubawa cikin mai da gangan, domin wanke inji da rage gogayya. Yawansu alheri ne. In sun yi ƙasa ƙwarai da na sabon mai, to, ana shakkar ko man na gaskiya ne.

Ƙura da ruwa da fetur

Ga mutanen Gabi, harafin da ya fi kowane muhimmanci shi ne Si, wanda ke nuna yashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika sararin sama da ƙura, a sauran rani kuma kowace mota tana tafe cikin ƙurar wadda ke gabanta. Sabon mai yana da ɗan Si kaɗan tun asali, amma in lambar ta wuce kamar 20 ko 25, kuma Al da Fe suna hawa tare da ita, ƙura tana shiga inji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a duba matatar iska, a duba robar da ta haɗa ta da inji ko ta tsage, ko ɗaurinta ya saki. Direban da ke cire matatar iska wai domin mota ta ƙara gudu, yashi yake ɗura wa injinsa.

Na da K suna nuna ruwan lagireto ya soma yoyo cikin mai, galibi saboda juwan na kan inji ya ƙone. Wannan ba ya jira, gama ruwan lagireto yana cinye kusine cikin ɗan lokaci. Ruwa zalla kuma, in ya wuce kashi 0.2 cikin 100, abin bincike ne, musamman da damina bayan mota ta ratsa gulbi ko kwazazzabo.

Sai kaurin mai, wanda ake aunawa a zafin digiri 100. Mai irin 15W-40 ya kamata ya faɗa tsakanin 12.5 da 16.3, irin 20W-50 kuwa tsakanin 16.3 da 21.9. In ya tsinke ƙasa da haka, fetur ko gazuwal ne ke gangarawa cikinsa, sai a duba kafireto ko allurar mai. In ya yi kauri fiye da kima, ya daɗe ne, ko zafi ya dafa shi, ko toka ta yi masa yawa. A Afrilu da Mayu, da zafin Maradi ke wuce digiri 40, mai yakan tsufa da sauri. Akwai kuma lambar TBN, mai nuna sauran ƙarfin da mai ke da shi na kashe tsamin da ƙonewar gazuwal ke haifarwa. In ta faɗi zuwa rabin ta sabon mai, lokacin juye ya yi.

Takarda ɗaya ba ta isa hukunci ba

A ɗauki misali. Motar wata ƙungiyar manoma ana yi mata juye kowane kilomita 5,000. Awon farko ya ba da Fe 20 da Si 10. Na biyu ya ba da Fe 24 da Si 12. Na uku ya ba da Fe 70 da Si 45, Al kuma ya ninka uku. Lambar 70 ita kaɗai ba ta ce komai ba, gama akwai injin da hakan ne al'adarsa. Tsallen da ta yi tare da Si shi ne labarin: ƙura ta sami ƙofa. Gyaran a nan kuɗin roba da matata ne. In aka yi sakaci, ya zama kuɗin ringi da fistan, da makonni a garaji.

Dole kuma a tuna abu uku. Sabon inji, ko wanda aka yi wa babban gyara, yakan zubar da ƙarfe da yawa a farko, daga baya ya lafa. Wanda ke yawan ƙara sabon mai yana surka shaidar, lambobinsa sukan fito ƙasa da gaskiya. Na'urar awon kuma ƙananan ɓarɓashi take gani, manya sukan kuɓuce mata, don haka makanike ya riƙa yanka tsohuwar matatar mai yana duba cikinta da ido.

Abin da ake iya yi a ƙauye

Wanda ba shi da halin aikawa birni yana da gwaji biyu. Na farko, a ɗiga ɗigo ɗaya na mai a kan farar takarda mai shan ruwa, a ajiye ta a kwance har kwana ɗaya. In tabon ya bazu sumul, man yana da sauran ƙarfi. In ya dunƙule baƙi ƙirin a tsakiya, ya gaji. Na biyu, a ɗiga shi kan faranti mai zafi: in ya yi ƙara yana tartsatsi, akwai ruwa ciki. Man da ya koma kamar shayi da madara, ko mai warin fetur, ko mai ƙaiƙayin yashi tsakanin yatsu, bai kamata a sake tada inji da shi ba. Baƙi kawai ba laifi ba ne, man injin gazuwal yakan yi baƙi tun kwanakin farko. Waɗannan gwaje-gwaje suna aiki ga babur ɗin kabu-kabu da injin ban ruwa na fadama.

Tsohon mai guba ne. Kada a shafa wa dabba a miki, kada a zubar kusa da rijiya, balle a kwarin gulbi inda ruwa ke kusa da ƙasa.

Ga shugabannin komin da na asibitoci da ƙungiyoyin manoma, waɗanda aka damƙa wa amanar motocin jama'a, matakin farko littafi ne: kowace mota da nata, a rubuta ranar juye da kilomita da irin man da wurin da aka saye shi. Wanda ya koyi karatu da lissafi a ajin yaƙi da jahilci ya isa ya riƙe wannan littafi, kuma da shi ne takardar awo za ta yi ma'ana ranar da ta iso Gabi.