BUGUN ZUCIYA BA YA JIRAN A TASHI KASUWA

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya saba da shanu ya san in saniya ta kumbura ba a cewa a bari sai gobe. To amma mu da kanmu, sai mutum ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi a tsakiyar kara, ya ce ai olsa ce ko gajiyar hanya, ya jiƙa kanwa ya sha, ya koma ciniki. Da yawa haka ake rasa su.

Masu bi ta ƙauyukan danginmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu a Sudan, irin su Mai Wurno, sun ga yadda ruwa ke fitowa daga madatsar Sinnar, ya bi magudanai har gonaki. In magudana guda ta toshe, shukar da ke gabanta ce za ta bushe. Haka zuciya take. Tana da jijiyoyin da ke kai mata jini, kitse yakan taru a cikinsu, rana ɗaya gudan jini ya toshe hanyar. Cikin kamar rabin awa naman wurin zai fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa.

Alamominsa su ne nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhun dawa, ciwon ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi, ga haki, wani har da amai. Mai ciwon sukari, da tsoho, da mace, wani lokaci kasala da haki kawai za su ji. In abin ya kai minti 15 bai lafa ba, to a ɗauka shi ne.

Ga abin yi. A zaunar da shi ya jingina, kada ya taka da ƙafarsa, kada ya tuƙa mota. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, sai fa in maganin ba ya karɓarsa ko yana zubar jini a ciki. Nan take a nemi mota, ko ta dakon shanu ce. Addu'a a yi ta a hanya. Ban da ƙaho, ban da jiran a kirga kuɗi. In ya faɗi numfashi ya tsaya, a kwantar da shi rigingine a ƙasa, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa.

Me ya kawo gaggawar? A asibiti akwai allurar narkar da gudan jinin. Ta fi aiki a awa ɗaya ko biyu na farko, bayan awa 12 kuwa amfaninta kaɗan ne. Wani bincike na 1988 a kan mutum fiye da 17,000 ya nuna haɗa allurar da asfirin ya rage mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100. Ashe zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Sai dai ba kowane ɗakin shan magani ke da allurar da na'urar awon zuciya ba. A Madani aka gina cibiyar masu ciwon zuciya ta yankin, kuma daga Sinnar tafiyar wajen kilomita 100 ce. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya taɓa asibitoci da dama, ga laka da damina. Saboda haka da ka sauka zango, tambayi fatomanka: wane asibiti ke aiki kusa, wa ke da mota da dare? Ka sa asfirin a aljihu tare da takardun shanu. Mai hawan jini ko sukari ya gaya wa abokan tafiyarsa, kada kunya ta hana.

Shanu in sun kwana ana sayar da su gobe. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai kowa gida lami lafiya, amin.