"Feather": kalmar Ingilishi da "gashi" kaɗai ba ya isa ya fassara

A Hausa, abin da ke kan mutum gashi ne, na jikin mage gashi ne, na zabo ma gashi ne. Ingilishi bai yarda da wannan sauƙin ba. Na mutum hair, na mage ko zomo fur, na tsuntsu kuwa feather. Ɗalibin da ya rubuta cewa kaza tana da hair a jarrabawar BEPC zai iya asarar maki, ko da sauran jimlar ta yi daidai.

Ko a jikin tsuntsun ma kalmar ba ɗaya ba ce. Feather gashi guda ne, plumage kuma dukkan gashin da ya lulluɓe tsuntsu har da launinsa. Sai down, lallausan gashin da ke kwance ƙarƙashin manyan, wanda ke riƙe ɗumi a jikin agwagwa.

A nan maganar ta shafi aljihu. Idan hunturu ya kama, rigunan sanyi na gwanjo suna cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram, kuma wasunsu na ɗauke da ƴar takarda a ciki mai nuna kashi nawa ne down, kashi nawa ne feather. Mai saye da ya san down da ma'anar "ƙasa" kawai zai wuce bai gane ba. Alhali rigar da down ya fi yawa a cikinta ta fi ɗumi, ta fi rashin nauyi, kuma ta fi tsada a ƙasashen da aka ɗinka ta.

Masu bin dambe sun san kalmar ta wata hanya. Featherweight, wanda Faransanci ke kira poids plume, aji ne na ƴan damben da nauyinsu bai wuce kusan kilo 57 ba. A wannan aji ne Hogan Bassey na Najeriya ya zama zakaran duniya a 1957, bayan ya doke Cherif Hamia a birnin Paris. Azumah Nelson na Ghana ya ɗauki kambun WBC na ajin a 1984.

Inda kalmar ta fi wahalar da mai fassara shi ne karin magana. A feather in his cap ba gashi a hula ake nufi ba, nasara ce da mutum ke alfahari da ita. Birds of a feather ya yi kusa da abin da Bahaushe ke cewa, sai hali ya zo ɗaya ake abota. Amma idan jaridar Najeriya ta ce wani jami'i yana feathering his nest, zargi ne mai nauyi: yana cika aljihunsa ta hanyar muƙamin da aka ba shi amana. Ɗan jaridar da ya mayar da wannan zuwa gina sheƙa ya wanke wanda ake zargi ba tare da ya sani ba.

Farin gashin tsuntsu kuma alamar ragwanci ne a Ingila. A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1914, mata kan miƙa shi a bainar jama'a ga samarin da suka gani ba su sa kayan soja ba, don su kunyata su su tafi fagen daga.