Furfura ba ta hana shirya fim ɗin soyayya

A majalisun masu kallon fina-finai ana yawan cewa fim ɗin soyayya da barkwanci aikin matasa ne, darakta idan ya manyanta sai ya bar wa yara fage. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Salon zance tsakanin saurayi da budurwa yana canjawa, abin da ya ba iyaye dariya ba lallai ne ya ba 'ya'ya ba, kuma matasa ne suka fi cika gidajen sinima. Duk da haka, maganar tana buƙatar gyara.

Mu fara da kasuwa, tunda can aka kafa hujjar. Woody Allen, daraktan Amurka, yana da shekara 75 ya fito da Midnight in Paris a 2011. An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 17, ya samo sama da miliyan 150 a faɗin duniya. Babu wani fim nasa na baya da ya kai wannan adadi, har da Annie Hall na 1977 da ya ɗaukaka sunansa.

Ana kuma cewa dattijo ba shi da zance sai yabon zamanin da. To, fim ɗin nan wannan ɗabi'ar ya yi wa raddi. Gil, jarumin fim ɗin, marubuci ne da ya ɓata hanya a birnin Paris. Yana zaune a kan matakala, ƙararrawar sha biyun dare ta kaɗa, sai ga wata tsohuwar mota ta kwashe shi zuwa shekarun 1920 da ya daɗe yana mafarki. Can ya gana da marubuci Hemingway da mai zane Picasso, ya kamu da son wata mace mai suna Adriana, ashe ita kuma shekarun 1890 take bege. Nan ya gane kowa raina zamaninsa yake yi. Irin wannan fahimta sai wanda ya ga jiya ya ga yau. A 2012 labarin ya ci kyautar Oscar.

Masu kallon fina-finan Indiya ma shaida ne. Darakta Yash Chopra ya rasu a 2012 yana da shekara 80, makonni kaɗan kafin fitowar fim ɗinsa na soyayya Jab Tak Hai Jaan, kuma jama'a suka yi tururuwar kallonsa.

Gaskiya ne akwai daraktocin da suka tsufa aikinsu ya lafa, amma akwai matasa da yawa da nasu bai taɓa tashi ba. Don haka, mai karatu, ka auna fim da labarinsa, ka bar ƙirga shekarun mai shi.