Gidan haya a unguwar Sabo ta Ibadan: lissafi kafin a ci bashi

Idan ka bi titin Sabo a Ibadan da hantsi, inda 'yan canji ke zaune kan benci suna yafito masu mota, ka ɗan ɗaga kai. Tsofaffin benaye ne masu tsatsar kwano, ƙasa shaguna, sama ɗakunan haya. Da yawansu sun girmi masu karɓar hayarsu.

An kafa unguwar a 1916, kuma tun asali gida a nan jari ne. Abner Cohen, masanin da ya yi bincike a Sabo a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda abin yake. Falke ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka wajen maigidansa. Maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, a ba mahautan Yarbawa shanun bashi, kuma shi ne zai tsaya idan biya ya gagara. Haka ake yi a harkar goro. La'ada ce ribar. Ɗakunan kuwa su ke jawo baƙi.

Yanzu kara, wato kasuwar shanu, ta koma bayan gari wajen Akinyele, ciniki kuma ana ƙulla shi ta waya. Sai mai gida ya dawo dogaro da haya, inda lissafi ke cin mutane.

A ce ka sayi gida naira miliyan 40, ɗaki goma, kowanne dubu 200 a shekara. Miliyan 2 ke nan, kashi 5 cikin ɗari. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankuna kuma a lokacin sama da haka suke bayarwa. Idan da bashin kashi 30 ka saya, ruwan shekara kaɗai miliyan 12 ne. Ba a zo kan kwasar masai da facin kwano da damina ba, balle ɗan hayar da ya yi wata shida yana cewa "Alhaji, a ƙara haƙuri", ga shi ɗan garinku, sahu ɗaya kuke salla. Da wane ido za ka kai shi kotu?

Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, yana da murabaha da ijara ga mai gudun riba, amma shi ma takardar gidan zai tambaya. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, sai da amincewarsa ciniki ko jingina ke tabbata. Tsohon gidan Sabo kuwa sau da yawa na gado ne: magada barjat, wani a Kano, wani a Kwatano, wata ta rantse ba za a sayar da ɗakin uwarta ba. Ni dai wannan ya fi ba ni tsoro a kan kuɗin ruwa.

Duk da haka ana saye. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, mai kuɗi a hannu ya gwammace ya mayar da su bulo. Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan na Fabrairun 2021, da aka ƙona shaguna da gidaje, bai fita ran mutane ba, shi ya sa za ka ji ɗan kasuwa yana tayin gida a unguwar Mokola, rabin kuɗin kuma ya riga ya aika Sakkwato a fara zuba harsashi.