Sai An Ji Ta Bakinsa Jirgi Ke Tashi

Duk shekarar da tsuntsayen jan-baki suka far wa fadamun shinkafa na Kebbi, manoma kan ɗaga kai su hangi ƙaramin jirgin feshi yana tafe ƙasa-ƙasa. Matuƙin suke yi wa addu'a. Ba kowa ya san da wani mutum a filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi ba, wanda sai an ji ta bakinsa ake tayar da inji: ma'aikacin NiMet, hukumar yanayi da aka kafa a 2003.

Aikin ba shi da armashi a ido. Kowace awa zai duba inda iska ta fito da ƙarfinta, ya auna zafi da tsayin gajimare, ya ƙiyasta nisan da ido ke iya gani ta hanyar hangen wani gini ko tudu da ya san tazararsa. Sai ya dunƙule duka cikin gajeren rahoton da matuƙa ke kira METAR.

Nisan ganin nan shi ne ran ƙaramin jirgi, domin galibi da ido ake tuƙa shi, kuma ƙa'ida ta nemi kilomita 5. Da hunturu, hazo kan mayar da shi ƙasa da kilomita 1. Ƙurar daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, shi ya sa gwani ba ya jira sai sama ta yi fari a Jega; rahoton garin Faya na Chadi yake bi, ya san abin da ke tafe.

Bazara kuwa da nata. Zafi ya haura 40, iska ta yi shara-shara, jirgin da aka ɗora wa kaya sai ya yi doguwar gudu kafin ya ɗaga.

Hadari ne babban abin tsoro. Manomin albasa a Aliero ko mai gero a Maiyama ya san daga gabas yake haɗowa, kuma iska da ƙura ke riga ruwa isowa. Bai faɗi ƙarya ba, sai dai matuƙi yana son a ce masa ƙarfe nawa, kuma da wane ƙarfi. A ƙarƙashin baƙin hadari iska kan rikito ƙasa ta juya farat ɗaya. Irinta ce jirgin kamfanin ADC ya shiga a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, hatsarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki. Boeing 737 ne fa, balle jirgi mai inji ɗaya.

Mai feshi ya fi kowa shan matsi. Jan-baki sai da magariba suke taruwa a makwancinsu, lokacin da haske ke ƙarewa kuma hadari ya fi haɗuwa. In iska ta yi ƙarfi, maganin ya bar tsuntsaye ya sauka a gari ko a gulbin da ake kamun kifi. Ma'aikacin yanayi ba shi da ikon hana kowa tashi, nasa dai ya faɗa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga jirgi a ajiye, tankinsa cike, manoma na ta kaɗa gwangwani a gona.