Dalilin da Ya Sa Labaran Kisan Gilla Suka Tare a Jirgin Ƙasa

Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa shekarun 1950, tarago na cikin wuraren da marubutan labaran bincike na Ingila da Amurka suke son jefar da gawa. Abin ba haka kawai ya faru ba.

Dalili na farko kasuwa ce. A 1848 kamfanin W H Smith ya buɗe rumfar sayar da littattafai a tashar Euston ta Landan, fasinja ya sayi ɗan littafi mai araha ya rage dogon zama. A Amurka kuwa, Frank Munsey, wanda ya mai da mujallar Argosy ta zama ta ƙagaggun labarai zalla a kan takarda mai arha a 1896, ya fito da Railroad Man's Magazine a 1906, wadda ba ta da zance sai na dogo. Mai karatu yana cikin jirgi, labarin ma a jirgi yake.

Na biyu tsoro ne na gaske. Taragun Ingila na wancan lokaci ɗaki-ɗaki ne, kowanne da ƙofarsa ta waje, babu hanyar da ta haɗa su. In jirgi ya tashi, kai da baƙon da ke fuskantarka sai Allah. A 1864 Franz Müller ya kashe wani ma'aikacin banki, Thomas Briggs, a irin wannan ɗaki, ya wurgo shi gefen layi. Hankalin jama'a ya tashi har aka yi doka a 1868 cewa a samar wa fasinja hanyar kiran ma'aikatan jirgi.

Amma dalilin da ya fi nauyi shi ne jirgin ya sauƙaƙa wa marubuci aiki. Ya tara masa baƙin juna wuri ɗaya, ya kulle ƙofa, ya kuma ba shi jadawali. Freeman Wills Crofts, injiniyan jirgin ƙasa a Ayaland, da mintocin tashi da isowa yake ƙaryata mai laifi. Agatha Christie kuma ta ari abin da ya faru a 1929, lokacin da dusar ƙanƙara ta tsare jirgin Orient Express kwanaki a Turkiyya, ta gina littafinta na 1934 a kai: ba mai shiga, ba mai fita, ke nan makashin yana cikin masu cin abinci tare da kai.

Tasirin ya wuce takarda. Hitchcock ya ɗauko littafin Ethel Lina White ya yi fim ɗin The Lady Vanishes a 1938, salon ya kuma ƙetara Japan, inda Seicho Matsumoto ya ɗora labarin bincikensa na 1958 kan tazarar minti huɗu a tashar Tokyo. Sai dai an yi ta maimaita dabarar har ta tsufa, wasu labaran suka koma lissafi tsagwaronsa, mutanen ciki ba rai.

Mujallun masu arha sun mutu a shekarun 1950, talabijin da ƙananan littattafai suka ƙwace musu kasuwa. Jirgin Orient Express da ke zuwa Santambul kai tsaye daga Faris ya daina aiki a 1977. Duk da haka an yi fim ɗin littafin Christie a 1974, aka kuma sake shi a 2017. Kasuwar tasha da fargabar tarago sun wuce da zamaninsu, amma tsarin kulle mutane wuri guda da tilasta musu bayyana sirrinsu bai dogara da tururi ko gawayi ba, shi ya sa ya rayu.